Bencin Malam Badamasi a Ƙofar Ofishin da Ya Tashi

Kowace safiya, da rana ta ɗan ɗaga, Malam Badamasi yakan jawo bencinsa daga bayan teburin Lado mai shayi, ya kai shi ƙofar wani rufaffen ɗaki da ke hanyar tasha a nan Dutsin-Ma, ya kaɗe shi da gefen rigarsa, ya zauna. Ba ya sayar da komai, ba kuma mai biyansa. Ɗakin da yake jingina da ƙofarsa a da reshen wani kamfanin inshorar rai ne, shi kuwa masinjansu ne. Kamfanin ya kwashe kujerunsa ya tashi shekaru da dama da suka wuce. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa, rana ta cinye rubutun allon da ke sama. Idan ka leƙa ta taga, ba abin da za ka gani sai yanar gizo da wani agogon bango da ya tsaya. Manyan ofis duk sun tafi, shi dai yana nan inda suka bar shi.

Na san mutanenmu da maganar inshorar rai. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da yawa sun shiga, amma a ɓoye, don kada a ce a gida sun yi cinikin ransu. Mutum zai mutu bai faɗa wa kowa ba, sai daga baya wani abokin aiki ya raɗa wa matar cewa akwai haƙƙinta a wani ofis. Ta taso daga ƙauye da goyo, ta zo ta tarar da kwaɗo. Malam Badamasi ya ce wata rana ya ga irin wannan mata ta tsaya tana kallon ƙofar, ta taɓa kwaɗon, ta juya ta tafi ba ta tambayi kowa ba. Har yau bai san ko wace ce ba. Washegari ya sayi benci.

Yadda yake aikinsa ba hayaniya. Ya san fuskokin waɗanda suka riƙa shiga ofishin a da. In ya ji ɗayansu ya rasu, a Kurfi ne ko a Barkiya, zai je zaman makoki ya zauna can gefen tabarma, ya jira jama'a su ragu, sannan ya nemi babban gidan. Kuma ba ya taɓa ɗaukar mace mai jimami ya yi ta yawo da ita ƙofa-ƙofa. Shi yake fara tafiya shi kaɗai, ya nemo inda reshen ya koma, ya shiga, ya ga fuskar wanda ke zaune a ciki. Sai ya tabbata ƙofar tana buɗewa yake dawowa ya ɗauki masu haƙƙi.

To, ka san garinmu. Da aka lura duk inda aka yi mutuwa yana wurin, sai magana ta juye, aka fara cewa shi yake riga mutuwar zuwa. Mata suka riƙa janye yara in zai wuce. Maza suka koma gaishe shi daga nesa, hannu a ƙirji. Ba mai zama a bencinsa, ba mai sa hannu a kwanonsa. Abin dariyar shi ne, masu tsallake titi don kada inuwarsa ta taɓa su, su ne ke fara tambayar Lado inda yake in abin ya faɗa gidansu. Wannan ya daɗe yana ba ni haushi, shi kuwa ko a jikinsa.

Akwai labari ɗaya da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan faɗe shi yadda masu gani suka faɗa mini.

Wata safiya ce ta bazara, ƙasa a bushe ƙarau. Labaran, mutumin Wurma da ke aikin ruwa a madatsar Zobe, ya ɓullo ta bayan ofishin ya tsaya ɗan nesa da bencin. Lado ya ce abin da ya fara lura da shi, wandon mutumin a jiƙe yake sharkaf, ruwa na ɗiga daga bakin rigarsa, kuma ba takalmi a ƙafarsa. Malam Badamasi ya miƙa masa hannu. Bai karɓa ba.

"Baba, ina ofishin nan ya koma?" in ji Labaran.

"Ya daɗe da tashi, Labaran. Sun ce Katsina."

"To in iyalina sun zo, ka kai su. Kada a raba mani ɗiyana."

Lado ya juya ya zuba masa shayi, don ya ga kamar sanyi yake ji. Da ya waiwayo da kofin, babu kowa sai jiƙaƙƙiyar ƙasa a inda mutumin ya tsaya. Kafin azahar labari ya iso tasha cewa kwale-kwale ya kife a Zobe tun da asuba, an tsamo gawar Labaran da hantsi.

Ni ba zan ce ga abin da ya faru ba. Wasu sun ce wani ne mai kama da shi. Lado ya kai ni ya nuna mini wurin da yatsa, bai yarda ya taka shi ba. Da na tambayi Malam Badamasi, cewa kawai ya yi Allah ne masani, amma shi dai an ba shi amana.

Ya je Wurma ta'aziyya. Da ya keɓe Alhaji Siddiq, yayan mamacin, ya buɗe maganar inshorar da Labaran ya shiga, sai Alhaji ya miƙe tsaye.

"Mu gidan nan ba mu cin kuɗin gawa. Tashi ka ba mu wuri, Malam."

Ya tashi, ya yi musu addu'a, ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo ya zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi a ƙofar gida. Aka ƙi kula shi. Ya sake dawowa.

A cikin gidan kuwa an riga an tsara yadda za a yi. Da Batula, matar Labaran, ta fita takaba, za ta koma gidan iyayenta a Barkiya da ƙaramar da ke goye. Namijin zai koma hannun Alhaji Siddiq, babbar kuma a kai ta wurin wata gwaggo a wani gari mai nisa. Ba mugunta ba ce. Batula ba ta da abin da za ta riƙe yara uku da shi, kuma haka aka saba yi. Amma ita tana kwana tana tashi da sanin cewa ranar da za ta cire kayan takaba, ranar ce za a watsa mata 'ya'ya.

Ita ce ta aika wata tsohuwa ta kira mutumin da ke zaune ƙarƙashin bedi. Ya tsaya a zaure, tana bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, kai ne mai benci?"

"Ni ne, baiwar Allah."

"Maigidana ya taɓa ce mani in wani abu ya same shi, in nemi mai benci a Dutsin-Ma. Ban gane mi yake nufi ba sai yanzu."

Matsalar ita ce, kamfani sai ya ga matar da idonsa, kuma in aka jira takaba ta ƙare, an makara. Aka je wurin malamin unguwa. Ya ce abin da Labaran ya tara daga guminsa na marayunsa ne, kuma mai takaba tana iya fita da rana don lalura, amma dole ta kwana a ɗakin mijinta. Alhaji Siddiq bai hana ba. Ga shi kuma hanyar Wurma a wannan zamani ba wadda ake so yamma ta yi wa mutum a kanta ba ce. Ke nan fita ɗaya gare su, kuma ba damar ɓata ko neman ƙofa.

Malam Badamasi ya tafi Katsina shi kaɗai. Inda ya san reshen yake, ya tarar ana sayar da wayoyi. Aka tura shi wata unguwa, ya tarar da teloli. A can wani maigadi ya ce masa kamfanin ya haɗe da wani, sunan ma ya canza, ya gwada wani bene a bakin titi. Ya hau. Sama doguwar baranda ce mai duhu, ba wuta, ƙofofi iri ɗaya a jere duk a rufe, ba allo ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ba motsin kowa sai numfashinsa. Ya ce a nan ne ya fara tunanin me zai koma ya faɗa wa matar da ke bayan labule.

Da ya sunkuyar da kai, sai ya ga sawu a kan siminti. Sawun ƙafa ne ba takalmi, a jiƙe, daga bakin matakala ya miƙe cikin barandar. A lokacin garin ana fama da rashin ruwa, famfon benen ma a bushe yake. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya bi sawun a hankali har inda ya ƙare, gaban wata ƙofa can ƙarshe. Ya ƙwanƙwasa. Wata matashiya ta buɗe, bayanta kwalaye ne ba a kwance ba.

"Baba, jiya fa muka tare, ko allo ba mu kafa ba. Wa ya nuna maka nan?"

"Wani ne mai haƙƙi a wurinku," in ji shi.

Da ya fito, simintin a bushe yake.

Ranar tafiya ya ɗauki Batula da tsohuwar nan da sassafe. Bai tsaya tambayar kowa ba, daga mota sai bene, daga matakala sai ƙofar ƙarshe. Aka gan ta, aka ji ta bakinta, ta dangwala yatsa. Ana kiran magariba a Wurma tana cikin ɗakin mijinta. Haƙƙin ya fito kafin ta fita takaba, aka raba shi a gaban malamin unguwa yadda ake rabon gado. Da rabonta da na yaran aka sayi injin ban-ruwa, ta riƙe fadamar Labaran, ana noma mata tumatir da albasa. Maganar kai babbar wurin gwaggo ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Malam Badamasi, kai ne ka zauna shekara da shekaru a ƙofar da masu ita suka manta da ita. Kai ne aka kora daga tabarmar makoki, ka koma ƙarƙashin bishiya ka jira. An sa maka sunan mutuwa, alhali rayayyu kake yi wa aiki. Na sha ganinka kana cin abincinka kai kaɗai, jama'a na kewaye bencin kamar akwai maciji a ƙarƙashinsa, kuma wallahi abin yana sosa mini rai.

Yanzu idonsa ya yi yana, ba ya gane fuska sai murya. 'Yarsa Nana Khadija ta ce ya isa haka, za ta tafi da shi Kurfi ya huta. Ranar zamansa na ƙarshe ina wurin Lado, sai ga mota ta tsaya. Alhaji Siddiq ya fito riƙe da kwanon tuwo da Batula ta aiko, yaran uku na biye da shi. 'Yan tasha suka yi cirko-cirko suna kallo. Alhaji ya zo ya zauna a bencin nan da ba mai zama, ya kama hannun tsohon ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya buɗe kwanon a tsakaninsu.

"Malam, bismillah. Sa hannu mu ci."

Malam Badamasi ya lalubi kawunan yaran ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ukun, sai ya share idonsa da hannun riga, ya wanke hannu.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa abin da ka yi wa marayun mutane ya tarar da kai a inda ba ofishin da ke tashi.

Ku kuma masu karatu, in kun shiga irin wannan tsari, ku faɗa wa iyalinku tun kuna numfashi, ku nuna musu ƙofar. Wanda ya san hanya ya raka wanda bai sani ba. In hanya ta bi da ku Kurfi, ku tsaya ku gaishe da tsohon nan hannu da hannu. Bencin yana nan wurin Lado, yana fito da shi kowace safiya, yana jiran wanda zai zauna.

Labaran ya roƙe ka abu ɗaya, Malam, kada a raba masa 'ya'ya. Suna nan Wurma a ɗaki ɗaya, suna ci a kwano ɗaya. Lado ya ce har yanzu yakan duba wurin nan kowace safiya kafin ya hura wuta, kuma bai ƙara tarar da ƙasar a jiƙe ba.