Amanar Kare a Gidan Banda

Ni ba mai son kare ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Mussa nake ajiyewa, wadda wasu ke ce wa kyanwa, don duk macen da ke bandar kifi a Wara ta san kusu bai da mutunci. In kika bar kwandon busasshen kifi ba mai tsaro, ƙaya za ki tarar da safe. Mussata fara ce mai baƙar wutsiya. Mutane na cewa a bar mussa da yunwa don ta yi farauta. Ni ban yarda ba. Mai yunwa ɓarauniya take zama, ta bar kusu ta hau ragar kifi. Tawa kullum safe ina ba ta kan tarwaɗa, ruwanta yana gindin randa a kasko nata, kuma tun da na ɗauko ta ban sake ganin kashin kusu a ɗakin ajiya ba.

Danga ɗaya ta raba ni da maƙwabciyata. Bakambara ce daga kan tudu, Kirista, mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona, tana noman dawa da gyaɗa. Tana da kare ja mai tsagaggen kunne. Shi ke raka ta gona, ya kore mata birai, ya rako ta gida da yamma. Ina ce mata Mai Kare, ita kuma tana ce min Mai Hayaƙi, wai tun da ta zo unguwar ba ta taɓa shanya zane ya bushe da ƙamshin sabulu ba. Sharaɗi ɗaya na kafa mata tun farko: karenta ba ya ƙetare danga. Bai kuwa taɓa ƙetarewa ba.

Wata shekara bayan an yanke dawa, ƙafarta ta kumbura ta ƙi sacewa. Ɗiyarta da ke aure a Yelwa ta zo ɗaukar ta zuwa asibiti. Da safen da za su tafi, mai mashin na jira a ƙofa, ta dafa danga ta kira ni.

"Mai Hayaƙi, taho in ba ki amana."

"In kaji ne, bar su, ina gani."

"Kaji an kai su gidan ƙanena. Wanga ne ba mai karɓa."

Karen na zaune a ƙafarta mai lafiya, yana kallon bakinta.

Na ce, "Kin san ni da kare."

"Na sani. Don haka na zaɓe ki. Masu son shi suna iya mantawa. Ke ko abin da kika tsana ba ki mantawa da shi."

Ɗiyar ta yi dariya, ni ban yi ba. Na dubi ƙafar, na ga yadda ta yi baƙi har ƙwauri, na ce, "Na karɓa. Allah ya sawwaƙe." A wajenmu in mutum ya ce ya karɓa, magana ta ƙare. In ta dawo dole ta tarar da abinta yana numfashi, in kuma ba ta dawo ba, akwai inda za a tambaye ni.

Karen ya bi mashin har bakin titi, ya dawo ya kwanta a ƙofar ɗakinta. Can na bar shi. Na ɓula danga daidai wucewar mutum, safe da yamma ina kai mai abinci a kaskonsa. Na ce ba za a ce na karɓi amana na riƙa ba ta ruwan wanke-wanke ba, saboda haka abin da muka ci shi nake zuba mai: tuwon shinkafa da miyar kifi, in ɗora kawunan tarwaɗa a sama. In na ajiye sai in juya da sauri, don wutar banda ba ta jiran kowa, in kika ba ta baya kifin ya ƙone ta waje cikinsa ɗanye. In na dawo sai in tarar da kaskon fes kamar an wanke. Na ce a raina, ashe ma ba wuyar riƙo gare shi ba.

Kwanaki suka ɗan tafi, sai na ga haƙarƙarinsa na fitowa. Ya daina haushi ko akuya ta shigo tsakar gidan. In ya tashi sai ƙafafun baya su yi rawa. Na ƙara yawan tuwon, kaskon ya ci gaba da zama fes, shi kuma ya ci gaba da ramewa.

Babban ɗana, wanda ke tuƙa jirgin fito a tafki, ya leƙa ta saman danga ya ce, "Inna, kewa ce. Kare haka yake."

Na ce, "Kewa ce ke cinye tuwo kasko guda ta bar mai ƙashi a waje? Tafi aikinka."

Mussata ce ta tona asirin, ba da son ranta ba. Wata safiya na jefa mata kan tarwaɗa, ta shinshina, ta yi miƙa, ta wuce. Na ɗaga ta na ji ta yi nauyi kamar ɗan akuya. Na shiga ɗakin ajiya, sai ga kashin kusu a bakin kwando. Da yamma na bar wa matar ɗana wutar banda, na kai abincin kamar kullum, na dawo na zauna a bayan danga inda kara ya ɗan buɗe, na zuba ido.

Karen ya tashi ya matso a hankali. Ya kai hanci kusa da kaskon, miyau na zuba daga bakinsa har ƙasa. Ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, ya ja da baya, ya sake matsowa, ya sake ja. Daga nan ya koma ya kwanta ya juya fuska bango. Bai daɗe da kwanciya ba sai ga mussata ta diro daga kan danga, ta zauna a gaban kaskon kamar ita aka kai wa, ta tsince kifin tas. Agwagin unguwa suka biyo ta ɓular da na yi, suka share tuwon.

Raina ya ɓaci, na ɗauka raini ne, hannuna ne bai so. Washegari na yanko tsokar giwan ruwa ɗanya, wadda ko 'ya'yana sai da dalili nake ba su, na kai mai har gaban hanci a bakin sanda. Ya tashi da ƙyar ya lallaɓa bayan rumbu ya ɓuya. A nan fushi ya bar ni, tsoro ya shigo. Dabba ta ga nama ta gudu, to mutuwa ta kusa ke nan, kuma a hannuna.

Da zan fita, wani guntun ƙanzon tuwo busasshe da aka ba ni a gidan suna cikin leda, na ƙulle a gefen zane don agwagina, ya faɗi ƙasa. Ban kai ga sunkuyawa ba ya fito daga bayan rumbun ya wawure shi, ya koma yana gurgura kamar wanda za a ƙwace wa. Na tsaya ina kallo. Ashe yana son ci. Wani abu ne dai a abincina.

Da ɗana ya dawo daga ruwa na ce ya kira min ɗiyar matar a waya. An riga an wuce da ita babban asibiti, an yi mata aiki a ƙafar. Ɗiyar ta kara mata wayar a kunne, muryarta ta fito siririya.

"Mai Hayaƙi, yana nan?"

"Yana nan, amma ya ƙi ci. Hwaɗa min abin da ba ki hwaɗa min ba."

"Mi kike ba shi?"

"Abin da muke ci."

"Kifi?"

"A gidana mi za a ci, duwatsu?"

Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da ɗiyar ta ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Wayyo ɗana. Ko yanka shi za ki yi ba ya taɓa kifi. Ko romonsa."

Ta ce tun yana ɗan kwikwiyo take cusa barkono a cikin kifi ta ba shi, in ya kai baki ta ƙara mai da tsumagiya, har ya zama warin kifi kaɗai na sa shi ja da baya.

"Cikin masu banda nike zaune," in ji ta. "Karen da ya ɗanɗana kifi sau ɗaya sai ya koma. In ya koma wani zai sa mai guba. Na ce gara ya yi kuka a hannuna. Na ɗauka kin sani, ke da ba abin da ke wuce idonki."

Ban sani ba. Shekaru ina ganin bai taɓa kusantar ragata ba, ko iska ta kaɗo kifi ya faɗa ɓangarensu, na ɗauka tsorona yake ji.

Na ɗauka maganar ta zo da sauƙi. Na wanke tukunyata da sabulu na dama kunun dawa zalla na kai mai. Ya shinshina ya kau da kai. Sai a lokacin na gane a gidana ba abin da bai sha kifi ba, tukwane da ludayi da muciya, har hannuna da zanen jikina. Hancina ne ya daɗe da daina ji.

Na dirje hannu da toka da lemun tsami, na ciro zane daga ƙasan akwati na ɗaura, na shiga madafar maƙwabciyata. Na hura murhunta, na ɗora tukunyarta, na ɗebo dawa a rumbunta. Kunu na fara yi mai ruwa-ruwa, don cikin da ya daɗe a rufe ba a cika shi lokaci ɗaya. Kaskon ma na sake wani. Na kulle mussata a ɗakin ajiya, na toshe ɓular danga da tabarmarta saboda agwagi, na ajiye kunun na koma nesa na zauna a kan turmi.

Ya daɗe yana zagaya kaskon. Ya sa harshe sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, kamar yana jiran tsumagiya. Na kau da kaina ina kallon rumbu. Sai na ji sautin lasa, a hankali da farko, daga baya har kaskon na tafiya a ƙasa yana bin sa.

Daga ranar girki biyu nake yi. Da ya ɗan murmure na koma yi mai tuwon dawa da miyar kuka, in na je kasuwa in karɓo ƙashi a wajen mahauci in jefa ciki. Unguwa kuwa ta samu abin magana. A bakin rijiya wata ta ce, "Inna, an ce kina sake zane kafin ki je wajen kare. Ango ne?"

Na ce, "Ya fi naki kunya, shi bai cin abin da aka hana shi."

Ɗana ma bai bar ni ba. "Inna, ni tun da aka haife ni ba ki taɓa tambaya ta abin da nike so a miya ba."

"Kai ba wanda ya ba ni amanarka. Faɗo min ka yi."

Wata dattijuwa ce ta yi min maganar da gaske, ta ce mai salla kamar ni bai kamata tana hidimar kare ba. Na ce mata ban sa shi a ɗakina ba, bai lashi kwanona ba, in na taɓa shi ina wanke hannu. Amma ban ji an ce amanar mutum kaɗai za a tambaya ba. Taɓa shi kuwa dole ta sa, don kaska ta cika mai kunnuwa da wuya. Na naɗe hannu da tsumma, na riƙa ɗiga musu kananzir da tsinke ina cirewa ina jefawa wuta. Ya kwanta shiru, in na taɓa tsagaggen kunnen ne kawai yake runtse ido. In na gama zan tafi ya rako ni har ɓular danga ya tsaya. Mussata kuwa ta yi fushi da ni na wani lokaci, ta koma kan tarwaɗarta da kusanta, nauyin ya sauka.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara, kafin aka dawo da maƙwabciyata. Ta rame, tana dogara sanda, an cire mata yatsun ƙafa biyu. Ina juya kifi na ji wani irin kuka da ban taɓa jin kare ya yi ba. Na leƙa na ga ya kusa kayar da ita, ɗiyar na riƙe da ita ta baya, ita kuma tana zagin sa da yarensu tana hawaye.

Na bari sai da aka zaunar da ita a tabarma, sannan na wanke hannu na shiga. Na yi mata sannu da jiki, na ce, "Ga amanarki. Ki duba shi da kyau tun ina tsaye, ban son zance daga baya."

Ta jawo shi ta shafa haƙarƙarinsa, ta danna, ba ta ji ƙashi ba. Ta ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora kamar mai sayen akuya. Ta juya kunnen, ta tsaya.

"Mai Hayaƙi, ga kaska nan guda."

Na sunkuya na duba. Tana nan kuwa, can cikin lungu.

Na ce, "Wagga da ita kika bar min shi. Ita ma na riƙe miki."

Ta riƙo hannuna da nata biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Na ce ta sake ni kifina na kan wuta.