Sandar Yaya Raliya

Inna A'i ta garin Sara mai daddawa ce, ta haura saba'in. Shekara goma sha tara tana jan yayarta Raliya, makauniya, da sanda. Bara Raliya ta rasu.

Da muka zo binciken faɗuwar tsofaffi, na ɗaura mata 'yar na'ura mai auna tafiya a ƙugu. Bayan mako guda, na'urar ta nuna tana karkata dama, tana tsayawa ba dalili. Ɗanta Ƙasimu ya ce in haka ne ta daina zuwa kasuwa.

Na bi ta wata safiya. Hannunta na dama a miƙe yake baya, a dunƙule. A bakin kowane rami sai ta dakata, ta ce, "Ɗaga ƙafa, Yaya."

Ƙasimu ya ɗauko sandar marigayiyar. "Inna, ki dogara da wannan, sai in bar ki ki je."

Ba ta dogara ba. A kwance ta riƙe ta, ƙarshenta a baya, ta kama hanya. Tun ranar na'urar ba ta sake nuna karkata ba, Ƙasimu ya ƙyale ta. Ni ce dai har yau ba na iya tafiya a bayanta, a gurbin Raliya.