Kawu ya tsaya wa gawa

"Na faɗi gwajin tuƙi, ɗana," in ji Kawu Sale jiya a waya. Shi ne fa ya koya mini tuƙi a hanyar Sandamu.

Bara ya koma Turai da aiki. A da canza wa baƙo lasisinsa kawai suke yi, yanzu doka ta sauya, sai an sake gwada mutum kamar ɗan koyo.

Na ce, "Kawu, kai da ka tsufa a kan sitiyari?"

Ya ce, "Muna cikin tafiya sai ga motar gawa. Na gangara gefe na tsaya har ta wuce. Mai gwajin ya ce ba a tsayawa a wurin."

"Ka san mamacin ne?"

"Ina fa! Amma duk zamana a Daura, ban taɓa gifta gawa ƙafata na kan totur ba."

"To in ka sake haɗuwa da ita ranar wani gwajin fa?"

Ya ce, "Sai in ci gaba da hawa bas."

Da ku ne ni, me za ku ce masa?