Muryar Manzo Mai Rijiya

Manzo ya yi shekara talatin da ɗoriya yana haƙar rijiya tsakanin Barmu da Kalfu, ƙasar da sai an yi gaba arba'in kafin a ga danshi. Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce sai da guga ake jawo zance daga bakinsa.

Da ciwon daji ya kama masa huhu, ya dawo Tawa kusa da asibiti, a ɗaki guda bayan gidan wani ɗan garinsu. Ciwon bai dame shi kamar sarƙewar numfashi ba. Idan ta taso, sai ya riƙe bango yana haki, ba mai ce masa sannu. Ɗansa tilo, Attahir, yana Abijan, kullum yana aiko saƙon murya. Wata uku Manzo bai amsa ba, don ba ya son yaron ya ji uban da ke shiga cikin ƙasa yana kasa ƙare sallama. Kewarsa kuwa tana cin sa.

Aka haɗa shi da Raƙiya, ma'aikaciyar da aikinta zama da marasa lafiya. Ba allura, ba ƙwaya, sai zance. Manzo ya ji haushi. Da ta ce tsoro na ƙara toshe ƙirji, ya ce shi bai san wannan kalma ba. Ba ta yi musu ba, ta tambaye shi abin da yakan yi idan iska ta ƙare a gindin rijiya.

Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce mai gaggawar hawa shi ke mutuwa. Zama ake yi, a saki kafaɗu, a fitar da iska sannu ta baki, a jira.

"To Baba, shi na nika son koya maka," in ji ta. "Ashe kai ad da shi."

Ta ƙara masa da mafici, ya riƙa fifita fuskarsa. Sati biyar yana gwadawa, har ranar da ya danna waya ya yi magana minti guda cur ba haki. Ya gai da ɗansa da jikoki ɗaya ɗaya, ya ce yana nan lafiya lau. Rabonsa da irin wannan farin ciki an daɗe.

Amsa ta zo bayan la'asar. "Alhamdu lillahi, Baba, murya ta dawo. Da jibi zan taso, don shirunka ya tada min hankali. Tunda ka samu sauƙi, sai bayan Babbar Salla."

Saura wata bakwai ke nan, kuma likita ya riga ya faɗa wa Manzo da wuya ya kai lokacin. Ƙirjinsa ya ɗaure. Ya zauna, ya saki kafaɗu, ya jira har abin ya lafa, sannan ya danna wayar. Muryarsa ta fito sumul.

"To, Allah shi kai mu."