Hular da Gwaggo Kubura ta saƙa da asuwaki

Daga Allah muka zo, kuma gare shi kowa zai koma. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, cikin watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran gwaggona, Malama Kubura Alkasum, a gidanta da ke Birnin Konni, tana da shekara saba'in da ɗaya. An sallace ta bayan azahar. Ni ne Ɗayyabu, ɗan ƙanenta, wanda ta goya tun ina shekara huɗu. Na yi kwana tara ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin abin da ya kamata in faɗa a kanta ba zai faɗu ba sai na tona kaina.

Gwaggo, mutanen Konni sun san ki malamar lakwal, wato makarantar boko, shekara talatin da biyu kina koya wa 'ya'yansu karatu. Amma ƙauyuka da jakar saƙa suka san ki. Ana ba da babban hutu, ke sai tasha. Wasu malamai su tafi Yamai ko Sakkwato su huta, ke kuwa ki kama hanyar dangi, daga Malbaza zuwa Badaguishiri zuwa Tajaye, da tsohuwar jakar fatar nan a cinya. A cikinta akwai ƙwallayen zaren ulu, kwarashi manya da ƙanana, almakashi, da hulunan jarirai da safa da ƙananan barguna da kika gama, a ƙulle cikin leda. Ba kya yarda a ɗora ta saman mota. Kina saƙa a tasha, kina saƙa mota na tsalle a gargada, ba kya ko duba hannunki.

Ba ki taɓa auna kan jariri da zare ba. Da albasar Galmi kike awo. Babba ta ɗan wata tara ce, ƙarama ta bakwaini, ki kifa hular a kanta ki juya, in ta zauna daidai ki yanke zare. Mu kuwa muna ta yi miki dariya. Ni na fi kowa baki, nakan ce wa zai sa ulu a ƙasar da rana ke narka kwalta? Amsarki ɗaya ce kullum, cewa ban taɓa taɓa ƙafar jariri da asubar damina ba.

A watan Agustan 2013 matata Badi'a na da cikin fari na wata bakwai, za a mai da ita gidan iyayenta a Tajaye goyon ciki. Kika ce za ki raka ta, ki yi hutunki a can. A lokacin na sayi 'yar motata, ina ji da kaina, ina son surukaina su ga abin da ɗan Konni ya iya. Na loda shinkafa da taliya da turamen atamfa, sai kwandon goro ya rasa wuri. Kin shiga cikin gida yin alwala kin bar jakarki a kan kujera. Na ɗauke ta na tura bayan randar zaure, na dasa kwandon goro a wurinta. Da kika fito kika tambaya, na ce na sa ta cikin but.

Mun bar kwalta ke nan hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙoramar gabanmu ta cika ta tumbatsa, muka juya, ta bayanmu ma ta kawo. A tsakanin ruwa biyun nan, wajen ƙarfe goma na safe, naƙuda ta kama Badi'a. Muka samu wani ɗan ƙauye mai gida bakwai, matan suka shigar da ita ɗaki, kafin azahar ta haifi 'ya mace da ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ko kuka ba ta iya yi, sai ɗan motsi. Ɗakin na yoyo, kayanmu da ke saman mota sun jiƙe sharkaf, sanyi kuwa har ni babba haƙorana na haɗuwa. Kika leƙo kika ce, "Ɗayyabu, jikkata, maza." Na je na buɗe but ina lalube, alhali na san babu. Na dawo hannu wofi na tsaya a bakin ƙofa.

Kin dube ni daƙiƙa biyu, ba ƙari. Sannan kika juya wajen Badi'a kika ce, "Wayyo ni, tsuhwa ta kama ni. Na mance ta gida."

Abin da idona ya gani bayan wannan, har gobe ban manta da shi ba. Ungozomar ƙauyen ta kawo ruwa za ta yi wa jaririyar wanka kamar yadda aka saba, kika riƙe hannunta cikin ladabi kika ce ta yi haƙuri, wannan ba ta wanka ba ce tukuna. Kika kwantar da ita tsirara a ƙirjin uwarta, kika kwance ɗankwalinki kika ɗaure su tare. Saura kan jaririyar, kin ce ta nan ɗumi ke gudu, kuma tsumma ba ya zama a kan da bai kai lemo ba. Kika aike ni in ciro rigar kujerar direba, wadda ke da kanki kika saƙa mini ranar da na sayi motar, ita kaɗai ce ulun da ruwa bai taɓa ba. Kika kama bakin zare kika ja, aikin wata guda ya warware a gabana cikin ɗan lokaci. Zaren ya fito a murɗe, kika turara shi a bakin tukunyar ruwan zafi har ya miƙe. Kwarashi kuwa, asuwakinki kika ciro daga bakin zane, kika ari wuƙar mai gida kika feƙe shi, kika yi masa ɗan ƙugiya a kai, kika goge shi da dutse. Kika nemi albasa, aka kawo ƙwarya guda, kika zaɓi mafi ƙanƙanta.

Asuwakin ya karye sau biyu, sau biyu kina sake feƙewa. Ba ki yi tsaki ba, bakinki na salati, yatsunki na tafiya. Matan ƙauyen suka cika ƙofa suna kallon hannunki. Kafin la'asar hula ta hau kan yarinyar, ta zauna ɗas kamar da ita aka haife ta, kafin rana ta faɗi ga safa biyu. Kwana biyu muka yi a wurin kina ɗiga mata nonon uwarta da ƙaramin cokali. Ran na uku ruwa ya janye, aka kai su likita a amalanke. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗora jaririyar a sikeli, kilo ɗaya da rabi, ya taɓa ƙafarta ya ji ɗumi, ya ɗago ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Kika ce Allah ne. Yarinyar nan ita ce Zahara'u, bana take shirin jarrabawar shiga kwaleji.

Labarin ya zaga dangi, kowa na yabonki, kowa kuma na tsokanarki, wai ranar da aka fi bukatar jakar Malama ranar ta manta da ita. Surukata ta sha faɗin haka a gabanki. Ke sai ki yi dariya ki ce ai girma ya zo. Ni ina zaune ina jin wannan shekara goma sha ɗaya, ban taɓa cewa uffan ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba, tsoron idon Badi'a.

Saura mako biyu ki rasu na same ki ke kaɗai a kan tabarma, jiki ya yi nauyi, na durƙusa na faɗa miki komai na nemi gafara. Kika ce, "Ta taga nig gane ka sadda kat tura ta bayan randa. Cewa niy yi in bar ka, in mun kai in ja kunnenka ka komo ka ɗauko." Na ce to me ya sa kika ɗora wa kanki? Kika maida numfashi, sannan kika ce, "Ban san ko ɗiyag ga za ta rayu ba. In ta tahi, Badi'a na iya yahe ma tsohuwa mantuwa. Kai ko, kuna da sauran zama da ita."

Ashe a cikin daƙiƙa biyun nan da kika dube ni, ga jaririya tsakanin rai da mutuwa, har kin hango gidana kin tare masa. Ni dai ban san yadda ake samun zuciya irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake ganin irinta.

Kafin in fitar da wannan rubutu na karanta wa Badi'a shi daga farko har nan. Ta daɗe tana kuka ba ta dube ni ba. Daga baya ta share ido ta ce, "Abin da Gwaggo ta ɗauke maka, ni wace ce da zan mai da maka shi?"

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Mustapha da 'yarki Raihanatu, da jikokinki, da ɗalibanki, da duk uwar da ta taɓa sa wa ɗanta hular hannunki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ya Allah, baiwarka Kubura ta rufa mini asiri a ranar da ban cancanta ba. Ka rufa mata nata a ranar da babu mai rufawa sai kai. Amin.