Kailu Maharbi a Kurmin Ajame

Kailu mutumin wani ƙauye ne kusa da Dogondutsi, kuma gidansu gidan maharba ne. Ubansa ya koya masa bin sawun barewa a kan yashi, da yadda ake zagaye ta don kada iska ta kai mata warin mutum. Shekarar da fara ta cinye gero, yunwa ta watsa ƙauyen, sai ya bi masu koren shanu zuwa kudu, shi da matarsa Maijidda, kwari da baka a kafaɗa, har suka yada zango a Ajame, wata unguwa a birnin Abijan.

Abijan ba ta da bukatar maharbi. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wa mahautan unguwar Tireshbil fiɗa, amma da ya sami sarari sai ya faɗa kurmin da ke bayan Ajame. Nan ya gane ba kowane daji ne irin nasu ba. Barewa dai babu. Sai gada, 'yar ƙarama, mai sanɗa cikin duhun ganye, ba ka ganinta sai ta zabura. In ya saki kibiya rassa su tare. Damina ɗaya tsirkiyar bakansa ta jiƙe ta saki. Dole ya koma ɗana tarko, abin da a gida yara ake bar wa. Tarkon ma da nasa sharri: in ya makara sai ya tarar gadar ta mutu ba yanka, ya bar wa maƙwabtansa 'yan ƙasa, ya dawo hannu rabbana.

Naman gada yana da masoya. Ga taushi, romonsa kuma da ɗan zaƙi saboda 'ya'yan itacen da take tsinta a ƙasa. Sai dai ba ya shanyuwa a wannan gari mai laima. Kailu ya taɓa gwada kilishi da shi, kafin ya bushe ya yi funfuna, sai banda kawai ke riƙe shi. Shi kansa bai taɓa yaba shi ba.

"Ku ba ku ci nama ba," yakan ce wa mahauta. "Barewa ba kitse, ba ƙarni, ƙanshin ciyawar tudu gare ta. Wannan kuwa ruwa ne da gashi."

Ana cikin yaƙin Turawa Maijidda ta kamu da tari. Ta rame, abinci ya fita ranta, ko kunu sai an yi da gaske. Wata rana da hantsi yana shirin fita ta kira shi.

"Maigida, da zan sami romon barewa irin na gida, da na sha."

A lokacin masu gadin daji sun fara korar maharba daga kurmin kusa, don haka ya nausa nesa, inda bai sani ba. Ya daɗe yana yawo cikin ruwan sama, ya zame a wani kwari ya gurɗe gwiwa, amma Allah ya ba shi gada da ranta, ya yanka. Ya dawo yana ɗingishi. Maƙwabciyarsu Rahamatu ta dafa da daddawa da barkono kamar yadda ake yi a gida.

Maijidda ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta dube shi.

"Gada ce," in ji ta. "Sannu da wahala, Maigida."

Kailu ya sunkuyar da kai. Ta ƙara kurɓa don kada ransa ya ɓaci, ta ture akushin. Damina ba ta ƙare ba aka kai ta makwancinta.

Bai sake aure ba. Gwiwar ba ta warke ba, daji ya gagare shi, dako ma ya gagare shi. 'Yan'uwa Hausawa masu fataucin shanu suka ce su mayar da shi gida, ya ce wa zai tarar a can? Wani mahauci, Sha'ibu, ya ba shi wurin zama a gefen rumfarsa a Tireshbil, yana wasa wuƙaƙe yana korar ƙuda. Surutunsa ya ragu, har baƙi suna zaton kurma ne.

Ya rasu bayan an gama yaƙin, wata safiya ana yayyafi. Mahauta suka rufe rumfuna suka kai shi. Da suka so aika wa danginsa, aka tambaya kaf, ba a sami wanda ya san sunan ƙauyensu ba.