Layukan Kwalta a Bangon Gwaggo Lua

Shekara talatin ina sayar da taliya a ƙofar gidan Gwaggo Lua, a bakin tashar jiragen ruwa ta Hoi An, ban taɓa jin ta yi kuka da ambaliya ba. Da ta ga ruwa ya hau matakala ta uku, sai a buɗe ƙofar da ke rufin zaure, a ja kujeru sama da igiya, ta zauna a bene tana shan shayinta. Gidan ya haura shekara ɗari biyu, ya saba.

Mijinta Thuoc mai gyaran kwale-kwale ne. Duk ambaliyar da ta janye, yakan ja layi a bangon zaure da kwaltar aikinsa, daidai inda ruwa ya tsaya. Layukan duk a karkace suke, hannun mutumin bai san miƙewa ba. Da ya rasu ba wanda ya ƙara ja. Kullum da safe takan shafa su kafin ta kunna turare. Abin da ya bar mata ke nan, ko hoto babu.

Bara ɗanta Khiem ya dawo daga birni zai buɗe shagon shan kofi a zauren. Tana kasuwar kifi ya shafe bangon da farar ƙasa. Wallahi na so in kwaɗa masa ludayi.

"Inna, dubi yadda ya yi fes!" in ji shi.

"Ya yi. Sannu da aiki."

Ta haye bene. Kwana uku ba ta sauko cin taliyata ba, abin ya dame ni ƙwarai.

Damina ta zo, ruwa ya shiga zauren har ƙugu, ya kwana biyu. Da ya janye bango ya jiƙe sharkaf, sai ga layukan sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ɗan birni bai san farar ƙasa ba ta rufe kwalta ba.

Khiem ya tsaya yana kallo. Gwaggo Lua ta nuna masa na can sama.

"Wancan, ranar aka haife ka a bene. Ubanka bai jira ruwa ya janye ba, a tsaye cikin kwale-kwale ya ja shi."

Ya fita tasha, ya dawo da gwangwanin kwalta, ya ja layin bana.

"Ya yi, Inna?"

"Ina fa! A karkace yake, sak na ubanka."

Ta kai hannu ta shafa, kwaltar ko bushewa ba ta yi ba.